Gayyatar kaza da giya a Daegu: in je ko in ci gaba da ƙi?

Auwal, Daegu

Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Watana huɗu ke nan da zuwa Koriya ta Kudu karatun digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki, kuma akwai abin da ya fara hana ni barci, wanda nake neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan da kuma malamanmu na gida. A ɗakin gwaje-gwajenmu mu tara ne, ni kaɗai ne baƙo. Duk lokacin da aka kammala wani aiki, ko mujalla ta karɓi takardar wani, sai farfesa ya ce a tafi cin abin da suke kira chimaek, wato soyayyar kaza da giya. Sau uku ana gayyata ta, sau uku ina kawo uzuri. Na farko na ce ba ni da lafiya, na biyu na ce ina da baƙo, na uku kuwa ni kaina na manta abin da na ce. Ranar Juma'a mai zuwa za a sake fita, domin babban ɗalibin ɗakin ya kare kundinsa na digirin digirgir, kuma shi ne mutumin da ya tarbo ni a tashar jirgin ƙasa ranar da na iso, ya raka ni buɗe asusun banki da karɓo katin zama. Tun bayan uzuri na uku na lura an rage yi mini magana, kuma akwai shawarwarin aiki da ba na ji sai an gama yanke su, ashe a wajen cin kazar aka tattauna. Giya dai ba na sha, kuma ba zan sha ba. In je in zauna da lemona, ko in ci gaba da ƙi? Ita kanta kazar mene ne matsayinta?

Hadiza, Daejeon

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekarata ta shida ke nan a ƙasar nan, kuma abin da ka faɗa na sha shi a shekarar farko, har nawa ya fi naka nauyi domin ni mace ce mai lulluɓi. Kafin malamai su yi magana a kan hukunci, bari in gaya maka abin da kake ƙi, domin ina jin ba ka gama saninsa ba.

Kalmar chimaek haɗi ce ta gaɓa biyu, chi daga sunan da suke kiran soyayyar kaza, maek kuma daga maekju, wato giya. Ba tsohon abincin gargajiya ba ne. Kakanninsu dafa kaza suke yi da ruwa, irin farfesun samgyetang da ake ci a tsakiyar zafi. Gasasshiyar kaza guda ta fara suna a unguwar Myeongdong ta Seoul a farkon shekarun 1960, man girki ya yi araha a shekarun 1970, sannan a 1977 aka buɗe Lims Chicken a ƙarƙashin ginin kantin Shinsegae, wanda ake ɗauka shi ne kamfanin soyayyar kaza mai rassa na farko a ƙasar. KFC ma sai a 1984 ta shigo. Dattawansu har yau suna ba da labarin yadda uba ke dawowa ranar albashi riƙe da kaza guda a jakar takarda mai ruwan ɗorawa, gida ya ɗauki murna, kamar dai yadda namu iyayen ke shigowa da ƙunshin tsire bayan isha'i. Da tattalin arzikinsu ya karye a 1997 aka sallami ma'aikata masu yawa, da dama sun zuba kuɗin sallamarsu a shagon kaza, saboda sana'a ce da ba ta buƙatar doguwar koyo. Sai gasar cin kofin duniya ta 2002, wadda suka shirya tare da Japan har suka kai wasan kusa da na ƙarshe, ta tara mutane a gaban manyan allunan talabijin da kaza a hannu ɗaya, kofin giya a ɗayan. Wani rahoton bankin KB na 2019 ya ƙidaya shagunan kaza kusan 87,000 a faɗin ƙasar.

Kai kuma Allah ya kai ka cibiyar abin. Kamfanin Kyochon a Gumi ya fara a 1991, nan kusa da ku. Jar kazar nan mai yaji da zaƙi da ake kira yangnyeom, mutanen Daegu sun ce wani ɗan garinsu, Yoon Jong-gye, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980, ko da yake mu a nan Daejeon ana cewa kamfanin Pelicana ne. Tun 2013 kuma ake bikin chimaek a lambun Duryu a tsakiyar zafin garin, zafin da ya sa su da kansu suke yi wa Daegu laƙabi da Daefrica, wai Afirka ce. Na taɓa gaya wa wata ƙawata ta je Sakkwato a watan Afrilu kafin ta sake faɗin wannan suna.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan. A ofis da ɗakin bincike, Bakoriye ba ya musu da na gaba da shi, ba ya ma kiran sunansa kai tsaye. Wajen fitar cin abinci ta 'yan aiki, wadda suke kira hoesik, a nan ne igiyar ke ɗan sassautawa, ƙarami ya iya faɗa wa farfesa cewa na'ura kaza ta lalace ko lokacin da aka ɗiba bai isa ba. A watan Oktoban 2025 shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya zauna da Lee Jae-yong na Samsung da Chung Eui-sun na Hyundai a wani shagon Kkanbu Chicken a unguwar Gangnam ta Seoul, suka ci kaza suka sha giya a gaban 'yan jarida, kuma kalmar kkanbu ma'anarta aminin ƙut-da-ƙut. Idan ka ƙi gayyatar nan sau uku ba tare da dalili na gaskiya ba, abin da suka ji shi ne ba ka son su.

Bitrus, Seoul

Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, ina ɗan taɓa giyar, saboda haka zan faɗi abin da ke faruwa a teburin, domin Malam Auwal ya san abin da zai tarar idan ya yanke shawarar zuwa. Giyar tasu, Cass ko Terra, marar nauyi ce, ƙarfinta bai kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma ana kawo ta da sanyi ƙarara a kofi mai cin rabin lita. Aikinta a wajen shi ne wanke maiƙo daga baki, aikin da lemon Chilsung Cider yake yi daidai wa daida, kuma ba wanda zai yi mamaki idan ka ce shi za a kawo maka. Matasan yanzu da yawa ba sa sha, wani ya ce zai tuƙa mota, wani ya ce yana shan maganin gargajiya. Wasu kamfanoni ma sun daɗe da wani kamfe da suke kira 119, wato abin sha iri ɗaya, wuri ɗaya, a tashi kafin ƙarfe tara. Giyar da aka rubuta ba ta da maye kuwa sai an karanta jikin gwangwanin da kyau, domin dokarsu ta bambanta wadda ba ta da komai da wadda ke da ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Abu biyu ne zan ja maka kunne a kansu. Na ɗaya, a al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa abin sha. Ƙarami ne ke zuba wa babba da hannu biyu, idan kuma shi aka zuba wa sai ya karɓa da hannu biyu, ya kau da kai gefe kafin ya kurɓa. Kai ne sabon shiga, saboda haka kwalbar za ta iya biyowa ta hannunka ba da wata mugunta ba. Na biyu, zaman farko ba shi ne matsala ba. Idan an cinye kaza aka ce a tafi zagaye na biyu, wanda suke kira icha, a can ne ake haɗa giya da soju, wata barasarsu da ta fi giyar ƙarfi, murya ta ɗaga, hankali ya ragu. Ni da nake sha ma a nan nake sallama in kama jirgin ƙasa.

Malam Nasiru, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Auwal, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata. Malam Bitrus, mun gode, domin bayaninka ya fito mana da wurin da ba mu sani ba. Mas'ala biyu ce a nan, kada a cakuɗa su.

Ta farko ita ce zama. Tirmizi da Ahmad sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Ba a ce wanda yake sha ba, zaman aka hana. Akwai kuma hadisin da aka la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita, kuma wannan al'adar zuba wa babba da aka ambata ta faɗa cikinsa kai tsaye. Ko da za ka je, hannunka kada ya taɓa kwalbar domin zuba wa kowa, ko farfesa ne.

Ta biyu ita ce naman. Kaza halal ce a asalinta, amma ba ta halatta sai da yanka, kuma aya ta 121 ta Suratul An'am ta hana cin abin da ba a ambaci sunan Allah a kansa ba. Shagon da bai san ma ana wannan tambaya ba, ba zai ba ka amsar da za ka dogara da ita ba. Ni a ganina kada ka je, ka nemi wata hanya ta girmama wannan bawan Allah da ya yi maka alheri.

Amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba a cikin saƙonka, kuma ba wanda ya taɓo shi sosai. Ka ce ba ka da lafiya alhali kana da ita, ka ce kana da baƙo alhali ba ka da shi. Ka guje wa zaman da ake saɓani a kan wasu sassansa, ka faɗa cikin ƙaryar da ba a saɓani a kanta. Wannan ka fara gyarawa.

Alhaji Mamman, Incheon

Allah ya gafarta Malam, maganarka a kan ƙarya gaskiya ce, ba ja. Amma a kan zaman ina da abin cewa, ni da ba malami ba. Ni mutumin Maraɗi ne, shekara goma sha ɗaya ina sayen motoci na hannu a nan Incheon ina lodawa zuwa Kwatano. Ba cinikin kirki da na taɓa ƙullawa a ofis. Dillali zai nuna maka mota ashirin da rana, amma farashin gaskiya sai da dare a shagon kaza. Da na ce ba zan zauna inda ake shan giya ba, da tuni na tattara na koma. Abin da nake yi shi ne, tun kafin a zauna ina faɗa musu ni Musulmi ne, ba na sha, ba na zubawa, ba na biyan kuɗin giya, kuma in zauna a bakin teburi. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya raina ni a kan haka ba, sai ma wani dattijo da ya ce wanda ke tsoron Ubangijinsa haka ba zai cinye masa kuɗi ba.

Naman kuma ba na ci. Shagunan nan ba kaza kaɗai suke sayarwa ba. Akwai gasasshen busasshen kifi da suke kira meoktae, akwai dodon koɗin teku da ake cakuɗawa da taliya da yaji, mai suna golbaengi, kuma mu Malikawa abin da ke cikin teku bai dame mu ba. Gugguru ma kyauta ake ajiye shi. Soyayyen dankali ne nake bari, domin mai ɗaya ake soya shi da kazar. Wasu yaranmu suna cewa kaza marar ƙashi, wadda ake kira sunsal, yawancinta daga Brazil ake shigo da ita, Brazil kuma tana yi wa ƙasashen Larabawa yankan halal, saboda haka suna ci. Gaskiya ne ana shigo da ita daga can, shi ya sa da murar tsuntsaye ta ɓulla a Brazil a watan Mayun 2025 aka dakatar da shigowa, shagunan marar ƙashi suka shiga wahala. Amma ni sai na ga tambarin halal a kan kwalin da idona.

Sagir, Kano

Allah ya gafarta Malam, ina neman ƙarin haske, ba jayayya nake yi ba. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda babban Bamalike ne, ya faɗa a cikin Ahkamul Ƙur'an cewa ko Kirista ya murɗe wuyan kaza ya dafa za a iya ci, tunda abincinsa ne da na malamansa. Na ji an ce coci-coci sun cika Koriya, har da dare ba abin da ake hangowa sai jajayen gicciye a kan benaye. Wannan sauƙin bai isa ga Auwal ba? Sannan game da zaman, na san wasu malaman zamani masu ba da fatawa ga Musulmi marasa rinjaye suna sassautawa idan ƙin zuwa zai jawo wa mutum cutarwa a aikinsa ko karatunsa, matuƙar bai sha ba kuma bai taimaka ba. Yaron nan karatunsa gaba ɗaya a hannun farfesa ɗaya yake.

Malam Nasiru, Zariya

Sagir, maganar Ibnul Arabi tana nan kamar yadda ka kawo ta, kuma Malikawa da yawa sun saɓa masa a kanta. Amma ko mun karɓe ta, shi a kan Kirista sananne ya yi magana. Ƙidayar jama'ar Koriya ta Kudu ta 2015 ta nuna kashi 56 cikin 100 ba su da addini, Kiristoci duka ɗariku ba su kai kashi 30 ba, sauran mafi yawansu mabiya Buddha ne. Kazar da na'ura ta yanka a masana'antar ƙasar da mafi yawan mutanenta ba Ahlul Kitabi ba ne, ba za a ɗora mata hukuncin yankansu ba saboda yawan gicciye a kan benaye. A nan ban ga ƙofa ba.

A kan zaman kuwa, na san da sassaucin da ka ambata, kuma ba zan ce Alhaji Mamman ya fita daga hanya ba, tunda ya bayyana addininsa ya kuma kiyaye hannunsa da aljihunsa. Sai dai lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Auwal bai gwada faɗin gaskiya ba tukuna, balle ya san ko cutarwar za ta zo. Ya fara gwadawa. Idan ya faɗa aka tsananta masa, sai mu sake zama.

Hajiya Rabi, Abuja

Malamai a gafarce ni, ni tambayata ta kicin ce, amma tana da alaƙa da maganar. Ina sana'ar abincin biki, kuma yaran yanzu masu kallon fina-finan Koriya sun dame ni da neman wannan kazar. Na gwada sau biyu, ɓawon ya yi laushi tun kafin a kai wa baƙi. Hadiza, 'yata, mene ne sirrin? Na tambaya ne kuma domin ina ganin idan Auwal ya iya soya ta da kansa da kazar halal, shi ma zai iya kiran abokan nasa, ya zama shi ne mai masauki. Wanda ya ci abincinka ba ya cewa ba ka son sa.

Hadiza, Daejeon

Hajiya, ina wuni. Bambancin farko daga kazar ne. Mu a gida mun saba da kazar Hausa mai tauri, shi ya sa muke tafasawa kafin mu soya. Su ƙananan kajin gidan gona suke amfani da su, masu nauyin kilo ɗaya ko kusa da haka, waɗanda ba su wuce wata ɗaya da 'yan kwanaki ba, kuma ɗanye ake soya naman bayan an jiƙa shi a ruwan gishiri da tafarnuwa da citta. Ƙullin da ake tsoma shi ciki tsararo ne, kuma sitacin dankali ko na masara ya fi fulawa yawa. Sai a soya sau biyu. Na farko a mai matsakaicin zafi har naman ya nuna, a tsame a bar shi ya sha iska, ruwan da ke ciki ya fito ya jiƙa ɓawon, sannan a mayar cikin mai mai zafi sosai na minti biyu ko uku domin a kore wannan damshin. Shi ya sa take zama ƙaras-ƙaras ko an shafa mata miya. Jar miyar ana yin ta da gochujang, wani ƙullin barkono da ake ruɓarwa kamar yadda muke yi wa daddawa, a haɗa da tafarnuwa da tumatirin kwalba da ruwan sukari mai danƙo. Ɗayar kuma ta ruwan waken soya ce da tafarnuwa. Wanda ya rasa zaɓi sai ya ce banban, wato rabi da rabi. A gefe ana ajiye wata farar saiwa da aka yanka ƙanana aka jiƙa a ruwan khal da sukari, ita ke kashe maiƙon.

Auwal, idan za ka bi shawarar Hajiya, shagunan 'yan Pakistan da Uzbekistan da ke kusa da jami'o'i suna sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal. Ka duba jikin robar gochujang, domin wasu ana sa musu ɗan sinadarin giya don kada su lalace, kuma akwai waɗanda ke da shaidar hukumar Musulmin Koriya, wadda ke babban masallacin unguwar Itaewon ta Seoul da aka buɗe a 1976. Girkinsu ma sukan sa giyar shinkafa da ake kira matsul domin kashe ƙarni, kai sai ka sa citta da lemon tsami. Sayen ta waje yanzu ya kai won 20,000 ko fiye a kuɗinsu idan an haɗa da kuɗin mai kawowa a babur, har ta kai da kantin Homeplus ya fito da ta won 6,990 a 2022 mutane suka yi ta bin layi, saboda haka ɗalibai ba za su ƙi kazar kyauta ba.

Auwal, Daegu

Assalamu alaikum. Na yi shiru kwana tara, ga abin da ya faru. Ranar Laraba na sami babban ɗalibin shi kaɗai, na gaya masa cewa uzurorin nan uku ba gaskiya ba ne, na ba shi haƙuri, na bayyana masa maganar giya da ta yanka gwargwadon iyawata. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gaya mini abin da ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe kafin zuwana, ɗakin namu gasasshen naman alade suke fita ci da soju, shekara da shekaru. Da farfesa ya ga takarduna ya san Musulmi ne zai zo, shi ya ce daga yanzu a koma kaza, kuma akwai waɗanda ba su so hakan ba. Sun canza abincinsu saboda ni, ni kuma na ƙi zuwa sau uku. Bai taɓa jin cewa kaza ma tana da sharaɗi ba, a zatonsa alade ne kawai.

Allah ya gafarta Malam, ranar Juma'a na je, ba zan ɓoye ba. Na bi tsarin Alhaji. Na zauna a bakin teburi, na ci busasshen kifin da gugguru, na sha lemo, kuma da kwalbar ta zo kusa da ni babban ɗalibin ya miƙa hannu ya ɗauke ta kafin kowa ya lura. Na miƙa masa hular zanna da na zo da ita daga gida, farfesa ya sa shi ya saka aka ɗauki hoto. Na tashi bayan kamar minti hamsin, kafin a ambaci zagaye na biyu. Zuciyata ba ta kwanta gaba ɗaya ba, domin hadisin yana kaina har na fito.

Ranar Lahadi kuma na bi shawarar Hajiya. Na soya kaza uku yadda Yaya Hadiza ta koyar, rabi da jar miya, rabi na barbaɗa musu yajin ƙuli da mahaifiyata ta ƙullo mini, na haɗa da ƙundu saboda an gaya mini mutanen Daegu suna son sa, har akwai layin masu soya shi a kasuwar Pyeonghwa. Mutum shida suka zo, muka shimfiɗa tabarma a bakin rafin Sincheon. Mai yajin ƙulin ce ta fara ƙarewa. Sai dai biyu daga cikinsu sun tsaya a kanti sun sayo gwangwanayen giya, suka koma ɗan nesa da tabarmar suna sha, suna dawowa suna ɗaukar kaza. Ban san yadda zan yi da wannan ba, tunda ni na kira su, kuma ban ce musu komai ba.

Malam Nasiru, Zariya

Zuwan Juma'a ba shi na zaɓa maka ba, kuma ra'ayina bai canza ba, amma rashin kwanciyar zuciyar nan ka riƙe shi, kada ka bari ya mutu. Na Lahadi kuwa ba kai ka saya ba, ba kai ka zuba ba, ba a kan tabarmarka aka sha ba, kuma janyewar da suka yi ta nuna sun ji maganarka. Idan za ka sake kira, ka sa shi da hantsi, ka kuma faɗa tun a wajen gayyata cewa shayi za ka dafa. Ka je ka gode wa farfesan nan da bakinka a kan canjin da ya yi, domin har yanzu ba ka ce ka yi ba.

Alhaji Mamman, Incheon

Yajin naka na san ya kusa ƙarewa, kaza uku ba wasa ba ne. Ƙanena zai taso daga Kano ƙarshen wata, zan sa ya riƙo maka mudu ɗaya, ka turo mini adireshinka ta gefe. Amma kada ka ce a haɗo da kilishi ko dambun nama, domin kwastan na filin jirgin Incheon ba sa barin nama ya shigo ko busasshe ne, akwai karnuka masu sunsuna jaka, kuma tarar tana da nauyi. Hajiya, idan kin gwada suyar sau biyu ki gaya mana ko ɓawon ya kai wa baƙi.